Tabarmar asuba: nazarin lamarin wata uwa mai ɗinki a Maraɗi

Lamarin da ke tafe na koyarwa ne. An harhaɗa shi daga irin abin da ma'aikatan lafiya da masu kula da walwalar iyali ke yawan cin karo da shi a garin Maraɗi. Ba a nufin wani gida takamaimai, kuma ba a sa sunan kowa ba.

Abin da ya kawo ta

Shekarunta 25. Tela ce, kekenta ɗaya a tsakar gida a unguwar Zariya, tana ɗinkin kayan mata da na yara. 'Ya'yanta uku: mace 'yar shekara 7, namiji ɗan shekara 4, da na goye ɗan wata 14. Maigidanta ɗan kabu-kabu ne, in ya fice da sassafe ba a sake ganinsa sai bayan isha'i.

Zuwanta na huɗu ke nan gidan likita na unguwa cikin wata uku, kuma kukan bai canza ba: ciwon kai kamar an ɗaure shi da igiya, zafi a ƙirji, faɗuwar gaba, barci kuma ba ya ɗaukarta sai dare ya raba. Sau biyu an yi mata gwajin masassarar cizon sauro ba a ga kome ba. Jininta bai hau ba. Duk zuwa sai a rubuta mata maganin ciwon kai ta tafi.

A zuwa na huɗun ta taho da babbar 'yar tana riƙe mata jaka. Abu biyu suka ja hankalin ma'aikaciyar jinya. A sharaɓar yarinyar akwai shatin duka siri-siri, wasu sun yi baƙi wasu sababbi, irin wanda wayar wuta ke bari. Sannan da uwar ta ɗaga hannu za ta gyara goyo, sai yarinyar ta kare fuskarta da gwiwar hannu.

Da an ce mata "Kina dukan yarinyar nan?" da amsar ba ta wuce "Wa ya haihu bai daka ba?", da kuma magana ta ƙare a nan. Abin da aka tambaye ta, bayan an aiki yarinyar sayen ruwa, shi ne wane lokaci ne ya fi mata nauyi a yini. Ta ce da asuba, sa'ad da za ta kai hannu ta ji tabarmar ɗiyar ta jiƙe.

Gidan da ta taso

Ita ce ta fari a ɗakin uwarta. Ubanta mai fataucin hatsi da wake ne tsakanin kasuwannin ƙauye da Jibiya, yakan yi kwana uku huɗu ba ya gida. Tana tuna faɗan iyayenta da dare, da wata safiya da uwarta ta fito ido a kumbure. Tana shekara 5 aka saki uwar, ta koma gidansu wajen Madarumfa da ƙaramin da ke bayanta. Ita aka riƙe ta, dangin uba suka ce an yaye ta tuni, ɗiya kuwa ta uba ce.

Ya kamata ma'aikaci ya san cewa wannan hukuncin al'ada ne, don zancen zai sake tasowa gaba. A mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar nan, Risala ta Ibn Abi Zaid ta ba uwa riƙon yaro bayan saki, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwar ta rasu ko ta yi wani aure, riƙon ya koma ga kaka, sannan 'yar'uwar uwa. Mata da yawa da aka raba da 'ya'yansu ba su taɓa jin haka ba, ballantana 'ya'yan.

Daga nan har aurenta tana hannun matar uba. Tana fitsarin kwance har wajen shekara 10, kuma a kan wannan ne mafi yawan azabar ta sauka. Akan tashe ta da ruwan randa cikin hunturu. Akan ɗora mata jiƙaƙƙiyar tabarma a ka, a fito da ita ƙofar gida yara na yi mata "amalala". Sau ɗaya an ɗaura mata kwaɗo a ƙugu. An cire ta daga makarantar boko a aji uku aka ɗora mata tallar awara, in kuɗi suka gaza ko da dala biyar ne, babu tuwon dare. In ta kai ƙara wurin uba sai ya ce ta yi haƙuri.

Akwai wata tsohuwa maƙwabciya mai keken ɗinki da take bari ta zauna kusa da ita in ta dawo talla. Ba ta tambayarta me ya faru, sai dai ta turo mata kwano. A nan ta koyi zura zare, daga baya ta hau keken. An yi mata aure tana shekara 17, ita kanta ta ɗauke shi kuɓuta. Wannan ba baƙon abu ba ne: binciken lafiya da yawan jama'a na Nijar na 2012 ya nuna 76 cikin 100 na 'yan mata ana aurar da su kafin shekara 18, jihar Maraɗi kuma na sahun gaba.

A 1998 wasu likitoci biyu a Amurka, Vincent Felitti da Robert Anda, suka fara fitar da sakamakon binciken da ya haɗa manya fiye da 17,000 a birnin San Diyego, inda aka tambaye su wahalhalun ƙuruciya: duka, zagi, sakaci, rabuwar iyaye, ganin ana dukan uwa da makamantansu. Waɗanda suka haɗu da iri huɗu ko fiye, haɗarin shaye-shaye da ciwon damuwa da yunƙurin kashe kai ya ninka musu sau 4 zuwa 12 a kan waɗanda ba su haɗu da ko ɗaya ba. Cikin iri goma da aka saba ƙirgawa, matar nan ta haɗa shida. Amfanin wannan lissafi shi ne ya tuna wa likita ya yi tambaya. Ba ya faɗin makomar mutum, kuma jerin bai san talla ba, bai san riƙo ba. Wani binciken da ya fi dacewa da tsohuwa mai keke shi ne na Emmy Werner, wadda ta bi yara 698 da aka haifa a tsibirin Kauai na Hawai, a Amurka, a 1955 har suka manyanta. Cikin waɗanda suka taso a talauci da rikicin gida, kusan ɗaya cikin uku sun zama mutane masu natsuwa, kuma abin da ya yi ta maimaituwa a tarihinsu shi ne samun babba ko da ɗaya wanda ya riƙe su da kirki.

Abin da aka gano

Awon jini ya nuna ƙarancinsa, 10.5 alhali mace marar ciki ana so ta kai 12. Babu maƙoƙo, babu juna biyu. Sai da aka ce ta zazzage jakarta aka ga sauran bayanin. Kullum tana shan ƙwayar ciwon kai mai haɗe da kafin, irin ta masu tallar magani, ga kuma ƙwayar barci diyazefam mai miligiram 5, kamar dare huɗu a mako, wata biyu ke nan. Duka biyun suna ƙara wa wuta itace. Wanda ke shan maganin ciwon kai mai gauraye kwana 10 ko fiye a wata, ko farasitamol zalla kwana 15, maganin kansa yakan zame masa sanadin ciwon kai. Diyazefam kuma jiki na sabawa da ita, tana bi ta nono ta sa jariri kasala, sannan mai shanta yakan tashi da asuba kai a cushe.

An karanta mata tambayoyi tara na awon damuwa da ake kira PHQ-9, da Hausa, ɗaya bayan ɗaya. Ta samu 14 cikin 27, wato matsakaiciya. Tambaya ta tara, ta tunanin mutuwa, an yi ta kai tsaye, don tambaya ba ta cusa wa mutum tunanin da ba shi da shi. Ta ce wani dare takan yi fatan kada ta farka, amma ba ta taɓa shirya yi wa kanta wani abu ba, tana tsoron Allah, tana kuma tunanin wa za ta bar wa yaran. Tana mafarkin ana bin ta kamar sau biyu a mako. Ba ta jin muryoyi, hankalinta bai taɓa gushewa ba.

Dangin miji sun ce iska ce, an kai ta ruƙiyya sau biyu, ta sha rubutu. Babu ribar jayayya da wannan. Ma'aikacin da ya fara da rushe imanin mutane shi za a daina zuwa wurinsa. Inda ake ja layi shi ne in ruƙiyyar ta haɗa da duka ko ɗauri ko turara hayaƙi a rufaffen ɗaki, ko aka ce a bar zuwa gidan likita.

Yarinyar ma an duba ta. Ba ta taɓa yin wata shida a jere ba ta jiƙa shimfiɗa ba, wato ba dainawa ta yi ta koma ba. Wannan bambanci na da muhimmanci, domin yaron da ya daina ya dawo dole a nemi sabon dalili, ko ciwo ko wani abin da aka yi masa. Gwajin fitsari bai nuna sukari ko ƙwayoyin cuta ba, babu jini, wanda akan nema saboda tsargiya ga yaran da ke wasa a Gulbi da tafkunan damina. Abin da aka samu shi ne taurin bayan gida, sai kwana uku take yi, da ƙyar. Hanjin da ya cika yana danne mafitsara ya rage mata wuri. A jikinta babu ƙuna, babu karaya, babu rauni a ka. Da an ga ɗaya daga cikinsu, ko alamar ana jijjiga na goye, da ranar nan an sanar da ma'aikatar kare yara, ba a jira an ga yadda shawara za ta kaya ba.

Sarƙar asuba

Zama guda aka yi a kan minti ɗaya tak na rayuwarta, aka warware shi ƙulli ƙulli. Ta kwana ba barci. Ta tashi kai na sara. Ta kai hannu ta ji danshi, wari ya bugi hancinta. Ƙirji ya hau dukan uku-uku, kunne ya toshe, hannu na rawa. Tunanin da ke zuwa: maƙwabta za su ga shanya, za a ce ɗiyarta amalala ce. Sai ta ji bakinta na fitar da zagin da aka yi mata, kalma da kalma, wayar kuma tana rataye a ƙusa kusa da ƙofa. "Kamar ba ni ba," in ji ta.

Jikin da ya taso cikin barazana yana koyon shiri kafin tunani ya iso. Wari ko sauti ko lokacin da ya yi kama da na dā sun isa su sa jiki ya saki sinadaran firgita, zuciya ta yi sauri, numfashi ya gajarce, kamar karen gidan da ɓarayi suka sha shiga, ko iska ce ta motsa ƙyaure sai ya yi haushi. Mutum a wannan hali ba ya jin wa'azi, ko nasa na kansa. Matar nan ta sha yin alkawari da dare cewa gobe ba za ta taɓa yarinyar ba. Ba niyya ta rasa ba.

Bayan dukan sai nadama. Takan shiga madafa ta yi kuka, amma ba ta iya rarrashi. Yarinyar kuma, don tsoro, ta koma ƙin shan ruwa da rana, ƙishirwa ta kama ta da yamma ta kwankwaɗa, ga tsoron fita makewayi cikin duhu. Duka na ƙara fitsari, fitsari na ƙara duka.

Yadda aka tsara aikin

An ɗauki ginshiƙin aikin daga tsarin PM+ da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016 domin ma'aikatan da ba likitocin ƙwaƙwalwa ba: zama biyar na minti 90, da suka ƙunshi lafar da jiki ta numfashi, warware matsala ɗaya bayan ɗaya, komawa ga ayyukan da aka bari, da ƙarfafa dangantaka da mutane. Mace mai goyo da ɗinkin mutane a kanta ba ta da minti 90, don haka aka raba shi zama goma na minti 45. Ba a fara da maganin damuwa ba. Jagorar hukumar kan lafiyar ƙwaƙwalwa, mhGAP, ta ce ga mai shayarwa a fara da taimakon da ba na ƙwaya ba, in kuma dole ta kama a guji wanda ke daɗewa a jiki irin su fuluwoksetin. An bar wannan ƙofa a buɗe in mako shida suka wuce ba sauƙi.

Mako na farko ba a taɓa tarihi ba sam. An fitar da waya daga gidan. Kwalbar fiya-fiya da ragowar ƙwayoyi suka koma akwatin maigida mai kwaɗo. An ba ta maganin ƙarin jini na wata uku, a sha da ruwa, nesa da lokacin shayi. Ƙwayar ciwon kai aka tsayar da ita gaba ɗaya, tare da gargaɗin cewa ciwon zai ƙaru mako ɗaya zuwa biyu kafin ya sauka. Wanda ba a gaya wa haka ba, kwana uku zai koma wa mai talla. Diyazefam ba a yanke ta kwatsam, majo, babban ma'aikacin jinya na gidan likitan, ya rage ta da rabi-rabi cikin mako uku.

Sai aka sake fasalin asubar kanta. Leda a ƙarƙashin zane a kan tabarmar yarinya. Bokiti da ruwa da omo a bakin ƙofa tun da dare. Fo da tocila a cikin ɗaki. In ta jiƙa, ita yarinyar ce za ta ɗauke zanen ta tsoma a bokiti, ba wanda zai ce uffan. Uwar ba za ta taɓa shimfiɗar ba, ba za ta leƙa ba, sai ta yi alwala ta yi salla gari ya waye. Uban ne ke tashin yarinyar kafin ya tafi masallaci. Dabarar ita ce a raba hannunta da danshin a daidai lokacin da ta fi rauni, maimakon a ce ta fi ƙarfin abin da ya shekara ashirin a jikinta.

Ga yarinyar: ruwa sosai da safe da rana, a rage sa'a biyu kafin kwanciya, ban da shayin dare, fitsari sau biyu kafin barci, ɗaya bayan isha'i ɗaya gab da kwanciya. A Afrilu da Mayu, da zafin Maraɗi ke wuce digiri 40, ba a hana yaro ruwa ko da dare ne, sai dai a ƙara masa da rana. Don taurin ciki aka ƙara mata zogale da kuɓewa da gwanda, da zama a kan masai minti biyar bayan kalaci. Yabo kuma a kan abin da ke hannunta ake yi, kamar shan ruwa da kai zane bokiti. Busasshen dare ba a hannunta yake ba.

A zama na biyu aka gaya wa uwar alƙaluman. Kusan 15 cikin 100 na yara masu shekara 5 suna fitsarin kwance, kuma kowace shekara kusan 15 cikin 100 na masu yi suna dainawa da kansu. Yana bin jini: in ɗaya daga iyaye ya yi, kusan huɗu cikin goma na 'ya'ya kan yi, in duka biyun ne, kusan uku cikin huɗu. An faɗa ne don a wanke yarinyar. Matar ta yi shiru mai tsawo, sannan ta ce, "To ni ma ba da gangan nike yi ba ke nan?" Ba wanda ya taɓa gaya mata. Ma'aikaciyar ta ce e, ta bar shirun ya yi aikinsa.

Numfashin da aka koya mata mai sauƙi ne: hannu a ciki, a ja ta hanci ana ƙirga uku, a saki ana ƙirga uku, minti biyu zuwa biyar. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ajiye shi sai rai ya ɓaci. Dole a saba da shi cikin natsuwa, shi ya sa aka liƙa shi bayan kowace salla, sau biyar a yini ba tare da agogo ba. Aka haɗa da abin da ta riga ta sani daga Islamiyya, hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito cewa wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa. Umarninta ya zama guda uku: zauna, rufe baki, nufi randa.

Da yake rubutu na ba ta wuya, lissafin ya koma gwangwani biyu da maɓallan ɗinki. Ranar da ta daka, baƙin maɓalli a ɗaya. Ranar da fushi ya taso ta tsaya, fari a ɗayan. Makon farko baƙaƙe huɗu, farare biyu. Mako na shida baƙi ɗaya, farare biyar.

Kunyar ɗan fari

Littattafan tarbiyya da ake kawowa daga waje suna cewa uwa ta kira ɗanta da suna, ta yabe shi a fuskarsa, ta rungume shi. An gwada haka mako biyu bai yiwu ba, kuma ba taurin zuciya ba ne. Yarinyar 'yar fari ce. Uwar ba ta faɗin sunanta, ba ta nuna mata so a gaban mutane, in ta yi ma surukai za su ce ba ta da alkunya. Wanda bai san gari ba zai rubuta cewa uwa ba ta shaƙu da 'yarta, ya yi kuskure.

Aka nemi hanyoyin da al'ada ta bari a buɗe. Kitso ranar Alhamis da yamma, kan yarinya a cinyar uwa kusan sa'a guda, taɓawa ce da ba mai zargi. Yabo ta bayan fage: ta gaya wa uban, yarinyar na ji, cewa "waccan" yau ita ta shanya zanenta. Minti goma kullum kusa da keke, yarinyar na tsince ƙyallaye tana ɗinka wa 'yartsana riga. Da aka tambayi matar wa ya taɓa yi mata haka, ta ambaci tsohuwar. Daga nan duk sa'ad da ta rasa abin yi sai a ce, "Da Iya ce, me za ta yi?" Ban haƙuri ma ya samu siga: ba ta iya cewa "yi haƙuri" ga 'yar fari, amma tana iya shafa mata man kaɗanya a inda ta daka ta ce, "Ba laifinki ba ne, kin ji." Ga yaro wannan jimla ta fi tsada.

Inda aka yi tuntuɓe

A zama na huɗu, ganin ta fara sakin jiki, aka bar ta ta kwararo labarin ƙuruciyarta tiryan-tiryan har lokaci ya ƙure, aka sallame ta jiki na rawa. Mafarkai suka koma kullum, ta yi mako biyu ba ta zo ba. Kuskuren ma'aikaciya ne. Ana yawan zaton amayar da kome shi ne waraka, alhali tono ba tare da tsari ba yakan sake ɗanyata miki. Bayan ta dawo aka sa ƙa'ida: labari ɗaya a zama, kada ya wuce minti goma sha biyar, ita ke cewa a tsaya, kuma kwata na ƙarshe na numfashi ne da zancen abin da za ta dafa yau. Tono mai zurfi aikin ƙwararre ne a babban asibiti.

Maigida ma ya so ya hana ta zuwa, a ganinsa tonon asirin gida ne. An gayyace shi a kan maganar fitsarin yarinya da taurin ciki, aka gode masa a kan tashin asuba, ba a zaunar da shi kamar mai laifi ba. Da ya ga gwangwanayen da idonsa, shi ya koma kawo ta a babur.

Babban tuntuɓen ya zo a wata na huɗu. Ɗinkin babbar Salla ya hana ta barci kwana goma. Ana cikin haka gwaggonta ta aiko: matar uba ta samu shanyewar ɓarin jiki, ta zo ta yi jinya, ta taho da yarinyar ta riƙa aike. "Uwa ce, ita ta raine ki." Ta je ta kwana uku a ɗakin da ta taso, tana wanke shimfiɗar majinyaciyar da ba ta iya riƙe fitsari. Ta dawo ta daki 'yarta kwana biyu a jere, da takalmi. Awon damuwa, da ya sauka zuwa 8, ya koma 13. Kunya ta hana ta zuwa har aka kira ta a waya. Abin da ya dawo da ita shi ne tun farko an gaya mata zamewa za ta zo, kuma ranar zamewa ita ce ranar zuwa.

Dangi sun dunƙule abu uku wuri ɗaya, aikin zaman shi ne raba su. Zumunci daban, yafiya daban, amana daban. An nemi wani malami da ita ta yarda da shi, ya bayyana mata cewa sada zumunci hawa-hawa ne, gaisuwa da aike da ziyara duk suna ciki, kuma bai zama dole sai da kwana ba. Yafiya tsakaninta da Ubangijinta ce, ba a sa mata rana, kuma wadda aka tilasta a gaban taro ba ta kai zuci. Amana kuwa, wato a bar 'ya a gidan, ba ta bin bayan yafiya. Matsayar da aka cimma: ziyara ranar Juma'a bayan la'asar tare da maigida, a dawo kafin magariba, jika biyu a wata na sabulu da magani, yarinya ba ta kwana. Har kalmomin aka yi bita: "Gwaggo, na ji, kuma ba zan ɗauke ƙafa ba. Amma maigida bai yarda da kwana ba." Shi ya amince a jingina da shi. Wani zai ce ai kamata ya yi ta yi magana da bakinta. A gidan da musu da gwaggo ke zama rashin kunya, garkuwar miji ta fi saurin kare yarinyar, kuma yarinyar ake ji.

A wata na shida kawunta ya kai ta wurin uwarta. Zaman bai yi armashi ba. Uwar ma ba ta faɗin sunanta, ita ma ai 'yar fari ce. Ta ce sau biyu ta zo aka mayar da ita daga zaure. Matar ba ta gaskata ba, ba ta ƙaryata ba, ba a kuma matsa mata ta zaɓa ba. Suna gaisawa a waya jefi-jefi.

Wata na tara

Awon damuwa 6. Tana barcin sa'a shida mafi yawan darare, ba diyazefam, ciwon kai kamar sau ɗaya a mako, jini ya kai 12. Cikin wata biyu na ƙarshe baƙaƙen maɓallai biyu ne, duka biyun mari ne, ba waya ba takalmi, kuma ta shafa mai a ranar. Yarinyar daga dare shida a mako ta koma biyu, cikinta ya saki, ta fara kawo wa uwar labarin makaranta a lokacin kitso.

Mafarkin bai tafi ba, yana zuwa kamar sau biyu a wata, kuma ba ta je wurin ƙwararren da aka tura ta ba saboda ɗinki da kuɗin zuwa. Tsawa ta ƙaru a kan ɗan shekara 4, wanda ya shiga lokacin ƙiriniya, don haka aka ƙara gwangwani na uku. Gwaggo ba ta janye maganar riƙon yarinyar ba, uban matar kuma bai ce kome ba. An sa mata zuwa wata-wata, da wani zama na musamman a makon farko na azumi, tare da maigida, don a ƙayyade yawan ɗinkin ƙaramar Salla da za ta karɓa da kuma ƙarfe nawa za a rufe keke da dare.